Buɗaɗɗiyar Wasiƙa ga Hukumar Lafiya ta Jihar Maradi kan Tsofaffinmu Masu Gigin Tsufa

Zuwa ga Daraktan Lafiya na Jihar Maradi da likitocin da ke aiki tare da shi. A sanar da Mai Martaba Sarkin Katsinan Maradi, da Mai Martaba Sarkin Gobir na Tsibiri, da limamanmu na Juma'a.

Assalamu alaikum. Ranku ya daɗe, bayan gaisuwa mai yawa da fatan kuna lafiya, ku da iyali, da fatan aiki yana tafiya yadda ake so.

Dalilin wannan takarda wata cuta ce da ta cika gidajenmu amma ba a tanadar mata ƙofa ba. Mai zazzaɓin cizon sauro ya san inda zai nufa. Mai ciki tana da ranar awo, yaro yana da katin rigakafi. Tun 2006 gwamnati ta ɗauke kuɗin maganin yara ƴan ƙasa da shekara 5, da na awon ciki, da na tiyatar haihuwa, kuma duk da tangal-tangal ɗin da tsarin yake yi, uwaye sun ga amfaninsa. Amma dattijon da ya fara ɓata hanyar masallacin da ya tsufa yana salla a cikinsa, da tsohuwar da ke kiran jikarta da sunan ƙanwarta wadda ta rasu tun zamanin Diori, su ba a san inda za a kai su ba. Sai a ce gigin tsufa ne, duk wanda ya daɗe zai gani, a ja musu tabarma zuwa ƙuryar ɗaki.

Ba duk wanda ya daɗe ne yake gani ba, kuma kun fi ni sanin haka. Kowace unguwa tana da tsohon da ya haura 90 amma zai lissafa maka sarakunan Maradi tun daga Ɗan Kasawa, ya gaya maka nawa aka sayi buhun gyaɗa shekarar da aka yi yunwa, ya kuma tuna maka bashin da mahaifinka ya ci wurinsa. Manta inda aka aje carbi ba komai ba ne. Wanda ya riƙe carbin ya rasa me ake yi da shi, wannan ƙwaƙwalwarsa ce take lalacewa, kuma cuta ce kamar yadda ciwon sukari yake cuta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2021 mutum miliyan 57 ne ke ɗauke da ita, ana samun sababbi kusan miliyan 10 duk shekara, kuma fiye da kashi 60 cikin 100 suna ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaita ne, ba Turai ba. Kashi 60 zuwa 70 cikin 100 nau'in da ake kira Alzheimer ne, sunan likitan Jamus da ya fara bayyana shi a 1906. Wani kaso mai yawa kuma daga lalacewar jijiyoyin jini na ƙwaƙwalwa yake zuwa, irin wanda ke biyo bayan hawan jini da shanyewar ɓarin jiki. Wannan na biyun shi ne ya fi tsaya mini a rai, domin a kansa muke da abin yi.

Na san amsar da za a fara ba ni: Nijar ƙasar yara ce, kusan rabinmu ba su kai 15 ba, ga tamowa, ga ƙyanda, ga mata na mutuwa wurin haihuwa, wa ke da sukunin tsoho mai mantuwa? Ban raina wannan magana ba. Amma lokacin da aka samu ƴancin kai a 1960, tsawon ran da ake ƙiyasta wa jaririn Nijar bai kai shekara 40 ba, yau ya haura 60. Aikinku ne ya kawo haka, da yardar Allah. Jihar nan kuwa ƙidayar 2012 ta same ta da mutum sama da miliyan 3 da dubu 400, jihar Damagaram ce kaɗai ta fi ta yawan jama'a. Yaran da kuka tsamo daga ƙyanda su ne za su tsufa. Ko kason tsofaffi ƙarami ne, ƙaramin kaso na miliyoyi gidaje ne masu yawa.

Bari in kawo muku gida guda. Gwaggona ce, ƙanwar mahaifina, mai sana'ar ƙuli-ƙuli da man gyaɗa, wadda ba ta taɓa shiga lakkol ba amma ba a taɓa cin ta dala ɗaya a lissafi ba. Abin ya fara da kuɗi. Takan ƙulle jika biyu a bakin zane, ta kwance ta tura cikin matashi, ta manta, sai ta fito tsakar gida tana cewa surukarta ta sace. Yarinyar ta yi kuka, ta yi rantsuwa, har ta yi yaji, ɗan kuma yana tsakiya, ga uwa ga mata. Daga baya kowace la'asar, rana na yin sanyi, sai ta haɗa ƙunshinta, kwano da zane da tsohon takalmi ƙafa ɗaya, ta ce za ta gida Madarumfa, innarta na jiranta, alhali innar ta rasu tun kafin a haife ni. Wata rana ta zare sakata ta fice da asuba. Wani ɗan kabu-kabu ne ya tsince ta bakin tasha, ba mayafi, tana tambayar motar garinsu, ya yi ta yawo da ita unguwa-unguwa har aka samu wanda ya gane ta. Kafin nan an yi ruƙiyya, an sha rubutu, an yi hayaƙi, an sayar da tunkiya. Da ta fara ambaton sunayen matattu cikin dare, sai maƙwabta suka fara janye ƴaƴansu daga ƙofar gidan, ana ƙus-ƙus da kalmar da ba na son maimaitawa. Ranar da aka kai ta gaban ma'aikacin lafiya, ya auna ta, jinin ya haura 190, ya rubuta maganin ƙarin jini da na barci, ya ce da ɗanta: "Tsufa ne, sai haƙuri." Ban ga laifinsa sosai ba. Abin da aka koya masa ya yi, ga layi har waje. Amma wannan hawan jinin ya yi shekaru yana aiki a jikinta, ba wanda ya taɓa ɗaura mata abin awo a hannu tun haihuwarta ta ƙarshe.

A nan maganata take. Wani kwamitin masana da mujallar likitoci ta Lancet ta kafa ya fitar da rahoto a 2020 cewa abubuwa 12 da ake iya gyarawa suna da hannu a kusan kashi 40 cikin 100 na wannan cuta. A 2024 suka sabunta shi, abubuwan suka koma 14, kason ya kai wajen 45. Babu wanda ya ce duk wanda ya kiyaye ya tsira, akwai gado, akwai shekaru, akwai ƙaddara. Amma kusan rabi ba abin wasa ba ne. Cikin jerin akwai hawan jini, da ciwon sukari, da ƙiba, da maiƙon jini, da taba, da giya, da rashin motsa jiki, da buguwar kai, da gurɓatacciyar iska, da ƙarancin karatu tun yarinta, da ciwon damuwa, da kaɗaici, da rashin ji, da rashin gani wanda ba a yi maganinsa ba. Ku duba jerin nan da idon ɗan Maradi, za ku ga rabinsa yana zaune kan benci a kowace majalisa.

Hawan jini shi ne babba a wurinmu, kuma shi ne mafi arha a kama. Yana cin jijiyoyin ƙwaƙwalwa yadda gara ke cin azara, daga waje lafiya lau, sai ranar da rufi ya rufto. Ɓarnar tana farawa ne tun mutum yana 40 ko 50, yana tsaka da ƙarfinsa, yana zirga-zirga tsakanin Maradi da Ɗan Isa da Kano, ba ciwon kai ba jiri. Mutanenmu kuwa sun ɗauki tansiyon kamar zazzaɓi: a sha magani kwana goma, kai ya daina sarawa, a aje. Wani ma sai ya koma ga ganyen zogale da tafarnuwa ya ce ya warke, ba tare da ya sake awo ba. A ƙasar Sin an gwada wani abu da ya dace da mu ƙwarai. A ƙauyuka 326, da mutum kusan dubu 34 masu hawan jini, aka horar da ma'aikatan lafiya na ƙauye, waɗanda ba cikakkun likitoci ba, su riƙa awo, su ba da magani, su bi mutum har gida. Bayan shekara 4, a ƙauyukan da aka yi wannan aiki an samu raguwar cutar mantuwa da kashi 15 cikin 100 idan aka kwatanta da sauran. An buga sakamakon a 2025. Ba na'ura mai tsada suka yi amfani da ita ba, abin awo ne da ƙwayoyi masu sauƙin kuɗi da mutum mai naci.

Mu ma muna da irin waɗannan mutane. Ma'aikatan sa-kai na unguwanni da ƙauyuka da ke zagawa da maganin rigakafin zazzaɓi lokacin damina, suna auna dantsen yara don gano tamowa, sun san kowane gida da mai gidan. Me zai hana a ba kowannensu abin awon jini, a koya masa cewa duk wanda ya kai 140 bisa 90 aka maimaita aka sake samu, a tura shi CSI, wato ƙaramin asibitin unguwa ko na ƙauye? Me zai hana a kafa tebur a ƙofar masallatan Juma'a, da babbar kasuwa, da kasuwannin mako na Tasawa da Dakoro da Mayahi da Gidan Rumji, tun da namiji Bahaushe ba ya zuwa asibiti da ƙafarsa sai an ɗauke shi? Mata kuma a same su a gidajen suna da wurin adashi. Sai dai awo kawai ba ya wadatarwa. In an gano mutum kuma maganin ya yanke a CSI, ko kuɗinsa na wata ya fi ƙarfinsa, an tayar masa da hankali ne kawai. Irin su amlodipine ba su da tsada idan aka saye su da yawa. Roƙona shi ne ku kai wannan magana Yamai: wanda ya haura 60 a sauƙaƙa masa maganin hawan jini da na sukari, yadda aka sauƙaƙa wa jikansa.

Sai tukunya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada gishirin da babba zai ci a yini ya kai giram 5, wato bai cika ƙaramin cokali ba. A gidajenmu ana zuba gishiri, a marmasa dunƙule uku ko huɗu, a ƙara kanwa, sannan a kawo yaji mai gishiri a gefe. Kakanninmu da daddawa suka yi miya, ba su mutu da rashin daɗi ba. Wannan magana ba a takarda za ta shiga ba, sai ta bakin mace mai magana da mata a rediyo, da Hausar da ake ji a madafa.

Ido da kunne kuma an raina su. Tsohon da ya daina ji sai ya daina zuwa majalisa, don ya gaji da cewa "na'am?" yara na dariya. Wanda yana ta rufe wa ido sai ya daina fita. Daga nan sai zaman shiru, ƙwaƙwalwa ba mai taɓa ta, kuma kun ga abubuwa uku na jerin can sun haɗu a kan mutum ɗaya. Aikin yanar ido ɗan lokaci kaɗan ne, wani kunnen kuma dauɗa ce kawai ta toshe shi. Duk tsohon da ya zo CSI da kowane irin ciwo, a leƙa kunnensa, a gwada ganinsa. Hular kwano ga ƴan kabu-kabu da fasinjansu, da hayaƙin icce da matanmu ke shaƙa a rufaffen madafa, da barin ƴa mace ta yi karatu mai nisa, duk suna cikin wannan lissafi, ko da yake ba ofishinku kaɗai ke da su ba. Tun 1992 masana suka fara bin tsofaffin Yarbawa a Ibadan suna kwatanta su da baƙaƙen fatar Indianapolis a Amurka, suka samu cutar ta fi kama na Amurka nesa ba kusa ba. Ni abin da na ɗauka a ciki shi ne, yadda ake ci da yadda ake zama suna da nasu rabo, kuma zamanmu na birni yana sauyawa: wanda da yake taka ƙafa zuwa gona a gulbi, yau ko masallacin unguwa a kan babur yake zuwa, da lemun kwalba a hannu.

Ba na roƙon sabon maganin nan da Amurka ta amince da shi a 2023. Kuɗinsa na shekara ya kai dalar Amurka 26,500, wajen miliyan 15 na sefa, kuma jinkirta cutar kawai yake yi, ba ya warkarwa. Har yau babu mai warkarwa. Amma rashin waraka bai zama dalilin sallamar iyali da "sai haƙuri" ba. Tun 2008 Hukumar Lafiya ta Duniya take da shirin mhGAP, wanda aka tsara don ma'aikacin da ba ƙwararren likitan ƙwaƙwalwa ba, kuma akwai babin wannan cuta a ciki. A horar da majo-majo, wato shugabannin ma'aikatan lafiya na CSI, da shi. Su san tambayoyin da ake yi wa iyali: yaushe abin ya fara, a hankali ne ko farat ɗaya? Domin tsohon da jiya lafiya lau yau ya ruɗe, wannan ba gigin tsufa ba ne, yana iya zama zazzaɓi, ko ciwon fitsari, ko sukari ya faɗi, ko ƙishirwa a zafin Afrilu, ko jini ya toshe a ƙwaƙwalwa, kuma gaggawa yake so. Wani kuma ciwon damuwa ne bayan mutuwar abokin zama, ko matsalar maƙoƙo, ko ƙarancin bitamin B12, waɗanda duk ana maganinsu mutum ya dawo hayyacinsa. Kuma don Allah a ja kunnen jama'a kan ƙwayoyin barci da ake saye wurin masu tallar magani a faranti ana ɗura wa tsoho don a samu a runtsa. Suna ƙara ruɗa shi, ya tashi cikin dare ya faɗi ya karya ƙugu, daga nan sai kwanciya.

Masu jinya kuma fa? A duniya kusan kashi 70 cikin 100 na lokacin da ake ɓatawa wurin jinyar masu wannan cuta, mata ne ke bayarwa. A nan sai in ce ya fi haka. Suruka ce, ko ƴar da aurenta ya mutu, ko jika ƴar shekara 12 da aka cire daga lakkol ta zauna da kaka. Ita ke wankin fitsari, ita ke kwana ido biyu, ita kuma ake zagi da sata, ƴan'uwa maza suna aiko da jika biyar daga Legas ko Agadas suna ganin sun sauke nauyi. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Zama ɗaya a wata a ƙarƙashin rumfar CSI, inda masu jinya za su haɗu da ma'aikaciyar lafiya, ba zai ci kuɗi ba. A can za su ji abin da mu sai da muka sha wuya muka gano. In ta ce za ta wurin innarta, kada a ce mata innarki ta mutu, domin kowace rana sabuwar gaisuwar mutuwa ce a wurinta. A ce to Gwaggo, bari a sha fura tukuna, a ɗan taka da ita zuwa bakin titi a dawo. In ta ce an sace, a taya ta nema. Kada a sauya mata ɗaki ko wurin kwanciya. A ɗinka lambar wayar ɗanta a cikin rigarta. A rufe rijiya, a ɗauke ashana da maganin ƙwari. A riƙa miƙa mata ruwa ko ba ta nema ba, don ta manta ƙishirwa. A bar mata aikin hannu, ɓarar gyaɗa ko tsince wake, domin hannu yana riƙe abin da kai ya saki. Ɗaure tsoho da igiya a turke, ko kulle shi a ɗaki da kwano, yana faruwa a garin nan, kuma yawanci ba mugunta ba ce, gajiya ce da rashin mai nuna hanya.

Allah ya ja zamanin Sarakuna, akwai abin da likita ba zai iya ba sai ku. Kalma ɗaya daga fada zuwa ga hakimai da masu unguwanni za ta kashe jifan tsohuwa da maita don ta yi sambatu. A kuma sa kowane mai unguwa ya san gidajen da ke da irin waɗannan bayin Allah, ta yadda in an tsinci tsoho yana gararamba, ɗan kabu-kabu ya san ƙofar da zai ƙwanƙwasa, gidajen rediyo kuma su yi cigiyar kyauta. Sai batun fili da gona. Ana kama babban yatsan tsohon da bai san ranar da ake ciki ba a dangwala a takardar sayarwa, wani lokaci ɗan cikinsa ne ke riƙe da hannun. Kada mai unguwa ya sa hannu a cinikin dattijon da ake shakkar hankalinsa sai magada sun hallara, likita kuma ya duba shi.

Allah ya gafarta malamai, ku kuka karantar da mu ayar Suratun Nahli da ta Suratul Hajji kan wanda ake mayarwa zuwa mafi ƙasƙancin rayuwa har ya rasa sanin abin da ya sani, da ayar Isra'i da ta hana ce wa iyaye ko "tir". Jama'a na buƙatar ku fito da hukuncin a fili a huɗuba: wanda hankalinsa ya gushe an ɗauke masa alƙalami. Ana tilasta wa tsofaffi azumi a zafin da ya haura digiri 40 alhali ba su san watan da ake ciki ba, ana yi wa wani tsawa don ya yi Azahar raka'a shida. In ya zo sahu ya yi ta maimaita sallama, a matsa masa wuri, kada a ce da ƴaƴansa su tsare shi a gida, domin masallacin nan shi ne sauran abin da ya rage masa na shiga mutane. Ku kuma gaya wa mutane cewa addu'a da awon jini ba kishiyoyi ba ne, su yi wasiyya su bayyana basussuka tun da sauran tunani.

Ranku ya daɗe, a 2017 ƙasashen duniya suka amince da shirin yaƙi da wannan cuta a babban taron Hukumar Lafiya ta Duniya, kuma kowace 21 ga Satumba ranarta ce. Muna da babban asibiti, muna da Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo da ke yaye likitoci, ɗalibanta suna neman abin da za su yi bincike a kai. A tura su unguwanni su ƙidaya tsofaffin da abin ya shafa da masu hawan jinin da ba su san suna da shi ba. A zaɓi CSI guda a kowace gunduma uku ta birnin Maradi, da guda a ƙauye, a fara awon da zaman masu jinya kafin Satumba mai zuwa. In kuna neman gidajen da za a fara da su, masu unguwanni za su ba ku sunaye a yini guda, mu kuma da muka yi jinya a shirye muke mu zo mu zauna da sababbi.

Wassalamu alaikum.

Naku,
Wani malamin lakkol mai ritaya,
Unguwar Zariya, Maradi.